Fiton Jar Mota

Noti na shida ne ya ƙi kwancewa. Muttaka ya ɗiga masa baƙin mai, ya jira, ya sake ɗora sifana ya danna da duka nauyinsa. Haƙarƙarinsa ya amsa, amma bai saurara ba. Notin ya yi ƙara ya saki.

Ƙofar garejin a rufe take da rana tsaka, kuma ba wanda ya yi mamaki a Rogo. Ranar Litinin aka binne surukinsa, yau da safe aka yi sadakar uku. Kowa ya ɗauka bakaniken yana can yana karɓar gaisuwa.

Malam Mijinyawa, mahaifin matarsa, yana dawowa daga gonar gyaɗa a kan kekensa mota ta kwashe shi a hanyar Beli, ba ta tsaya ba. Ba wanda ya gan ta, don dawa ta yi tsayi ta rufe hanyar hagu da dama. Talatu mai nono ce kaɗai a kusa, ita ma kunnenta ne ya shaida. Ta ce motar tana da wani siririn fito a ƙarƙashin kukanta, kamar butar shayi ta tafasa, kuma ko cikin mota ɗari ta sake jin sa za ta gane.

Dagaci ya ce to, gobe da hantsi a kawo motocin da ake zargi ƙofar gidansa, a tayar da su ɗaya bayan ɗaya, Talatu tana bayan zana tana saurare. Kara ce kawai ta sa ya ce motoci. Kowa ya san guda ɗaya ake nufi: jar motar Haidar ɗan Alhaji Musbahu, mai ƙofa biyu da baƙin gilashi, wadda cikinta ke neman shafar ƙasa. A Kano Haidar yake zaune, amma in ya shigo gari da ita har kaji sai sun shiga taitayinsu.

Ita ce yanzu a gaban Muttaka, bonet a ɗage. Tun jiya ya buge gabanta ya shafe da fenti. Saura fiton.

Ya san inda yake fitowa. Ƙarfen da ke tattara hayaƙi daga jikin injin, wanda makanikai ke kira manifol, ya tsage ta ƙasa, tsaga ƙarama da ko allura ba za ta shiga ba. Ya zare shi, ya duba tsagar na ɗan lokaci, sannan ya tura shi can ƙarƙashin tarin tsofaffin tayoyi.

Sabon kuwa tun ƙaramar salla yake cikin kwali a ƙarƙashin benci. Haidar ne ya sa aka kawo masa daga Legas: bututu huɗu masu ƙyalli, sun murɗe sun haɗu sun zama ɗaya, wai don motar ta ƙara numfashi ta ƙara amo. Wata da watanni Muttaka yana zille wa aikin, yau ya ce babu gaskit, wato faifan da ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don toshe kafa, gobe ya ce sai ya samu sarari. A ganinsa Rogo gari ne mai tsofaffi da jarirai, hayaniyar da motar ke yi ma ta isa. Yau ba wanda ya roƙe shi, shi ya jawo kwalin da kansa.

Duk wanda ya leƙo zai ce halacci yake yi, tun da Alhaji Musbahu ne ya ba shi filin garejin nan lokacin da ba shi da komai sai akwatin sifanoni. Muttaka dai ba ya tunanin halacci, ba ya tunanin komai. Tun ranar Litinin yake haka, abinci ba ɗanɗano, barci ba nauyi, in an yi masa ta'aziyya bakinsa ne ke amsawa.

Da safen nan, a soron gidan rasuwa, matarsa Sakinatu ta tare shi, idanunta sun kumbura.

"Baban Radiya, kai ka san kukan kowace mota a garin nan. Wacce ce mai fito?"

"Motoci da yawa suna fito," in ji shi.

"Ni ba na son a kashe kowa. So nake kawai ya zo ya tsaya a gabana ya ce shi ne."

Ya ce Allah ya bayyana gaskiya. Ta ce amin, ta miƙa masa koko a kofi, ya shanye bai san ya sha ba.

Ya kankare fuskar injin da reza har ta yi fes, ya ɗora sabon gaskit, ya saka bututun. Ya ɗaure notunan daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, yadda aikin ke so. Ya shiga ƙarƙashi ya haɗa bakin bututun da salansa, sannan ya shafa musu ƙasa da baƙin mai don ƙyallin ya dushe.

Ya murɗa makulli. Motar ta yi wani ruri da ya sa kwanon rufin ya karkaɗa, ƙura ta zubo. Ya taka totur, ya saki, ya kasa kunne. Babu fito. Gobe Talatu za ta saurara ta girgiza kai, a watse. Ya jira ya ji sanyi a ransa, bai ji ba.

Yana kashe injin wayarsa ta yi ƙara. Haidar ne.

"Oga Muttaka, ya haƙuri? Yanzu Baba yake gaya mini. Allah ya ji ƙan Malam, ya sa ya huta."

"Amin."

"Wai har ni ake zargi! Ni da tun ranar Asabar da na bar maka makulli nake Abuja? Su yi ta yi. Af, birkin nan da na ce ka duba, ka samu ka gwada kuwa?"

Muttaka ya dafa haƙarƙarinsa, daidai inda sitiyari ya buge shi.

"Na gwada," in ji shi. "Ranar Litinin, a hanyar Beli."