Tsohon Kaset ɗin Yaron da Ya Ƙi Girma

Yaya ya ce shi tun yana goye bai taɓa kallon katun ba, ƙwaƙwalwarsa ta fi ƙarfin wannan. A gaban budurwarsa ya faɗa, yana shirin jefa tsohon kaset ɗin yaron nan mai tashi sama a kwandon shara.

"Sabon da aka yi da mutane shi ne fim," in ji shi. "Akwai falsafa a ciki."

Ƙanwarsa ma ta yaba sabon, jirgin ruwan cikinsa kamar ka taɓa shi. Amma a katun ɗin ne yaron yake tashi har kai ma ka ji ƙafarka ta bar ƙasa.

"Falsafar ce ta sa ka minshari a tsakiyarsa, Yaya?" in ji ta.

"Tunani nake. Ke da ba ki yi jami'a ba, ina za ki gane?"

Mama ta leƙo daga kicin. "Ai ni ya kamata in jefar da shi. Saboda shi ka hau saman sif ka buɗe hannuwa, wai za ka tashi. Sai da aka ɗinke maka haɓa."

Ƙanwar ta zare kaset ɗin daga hannunsa, budurwar kuwa ta matso tana leƙen ƙarƙashin gemunsa.