Sunan Maigari

Tun da aka kafa dokar asali, ba a barin mutum da sunan da jininsa bai tabbatar ba. Ran Talata Sallau Maigari ya je ofishin tantancewa, ya ɗora yatsa a kan na'ura.

"Baba, kakanka ba ɗan maigari ba ne," in ji ma'aikaciyar. "Ɗan baransa ne. Da aka nemi yara don makarantar boko, maigari ya ɓoye nasa, ya tura kakanka a madadinsa."

"To, shi baran, yaya sunansa?"

"Ba a samu ba, Baba."

Da Sallau ya koma gida, ya gaya wa ƙofa cikakken sunansa kamar kullum, don da suna take buɗewa. Ba ta buɗe ba. Ya ce, "Sallau." Ƙofa ta ce, "Sallau wa?"

Sai ya zauna a kan dakali.