Sunan 'Yar Fari

Tun da hukuma ta kafa kyamara a kowane tsakar gida, Lantana ta saba da tasu kamar randar ruwa. Tana cikin tankaɗe jami'ar kula da yara ta yi sallama.

"Baiwar Allah, kyamara ta nuna ba ki taɓa kiran 'yarki da sunanta ba. An ce sakaci ne, ana iya ɗauke ta."

"Hajiya, 'yar fari ce fa, kunyarta nake ji."

"Ni na sani. Na'urar ce ba ta sani ba."

Lantana ta kakkaɓe hannu, ta dubi kyamarar, ta ce, "Shafa'atu."

Yarinyar ta saki tsintsiya, idonta ya ciko da ƙwalla.

"Inna, me na yi?"