Darasin Ɗigon Ruwa

Mushe Ɗayyabu, kamar yadda ake kiran malamin boko a Nijar, ya gyara tabarau, ya yi gyaran muryar nan da ta shekara talatin tana razana yaran kwaleji a Buza. Kalmar yau gajera ce: drip.

Ya yi bayani a tsanake. Ba zuba ba ce, ba kwarara ba ce. Ruwa ne mai sauka ɗigo bayan ɗigo, kamar na bakin indararo bayan an ɗauke ruwan sama. Ya ce mai jin Ingilishi kan faɗe ta ga rufin da ke yoyo, da zufar da ke ɗiga daga haɓar manomi. Sannan ya nuna misalin da ke rataye a gabansu, ya ƙirga ɗigo goma da ƙarfi.

Zaliha ba ta maimaita ba.

A da yara saba'in ke amsa masa da "dirif", yana dafe kai don takaici. Tun da ya ajiye alli, ba wanda ya leƙo shi a cikinsu. Nasa 'ya'yan ma suna Yamai da Abijan, sai dai waya. Ɗaliba ɗaya ta rage masa, ita ce kuwa ta fi kowa taurin kai. Shekara da shekaru tana yi masa dariya, tana cewa yaren da sai an ciji harshe ba da ita ba, ya bari sai ranar da ta rasa aikin yi.

To, ga ranar ta zo. Sai dai masu wurin sun faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: idan Juma'a ta yi ba ta buɗe baki ba, ya mayar da ita gida, sun yi iya ƙoƙarinsu. Yau Alhamis, la'asar ta gota. Tsoro ya kama shi, irin wanda ko gaban sufeton makarantu bai taɓa ji ba.

Ya jawo kujera kusa, ya sassauta murya.

"Ki hwaɗi ko ba daidai ba. Wallahi ko dirif kinka ce, na ba ki ashirin bisa ashirin."

Ya jira. Ɗigon ya ci gaba da sauka.

Ƙofa ta buɗe, malamar jinya ta shigo riƙe da sabuwar leda.

"Baba, ɗan matsa in sake ma Inna ruwa."

Ya matsa, amma bai saki hannun matarsa ba, hannun da allurar ta kwana goma sha ɗaya a ciki.