Bangon Tanderu

Bulon da aka sauke daga mota don ginin sabon tanderun narka ƙarfe bai kwanta wa Baba Magini ba. Ya ɗauki ɗaya, ya jinjina shi a tafin hannu, ya sa guduma ya fasa. Cikinsa ja wur, irin na tanderun burodi. Wannan zai jure wutar gashi har jikoki su gaje shi, amma narkakken ƙarfe ba burodi ba ne. Da zafi ya kai inda ake so, bulon zai yi laushi ya sulale, ƙarfen ya biyo ɓarakar ya cinye duk wanda ya tarar.

Mai tsayawa a bakin tanderun ƙarfen da doguwar sanda kuwa autansa ne, wanda matarsa ke ɗauke da tsohon ciki.

Ya kai wa manaja ɓarin bulon. Dattijon da bai taɓa rusuna wa kowa a masana'antar ba, ranar har ƙasa ya durƙusa.

"Yallaɓai, wannan ba na narka ƙarfe ba ne. Wallahi zai ci rai."

"Baba, mai kawowa ya rantse mini, masu oda kuma sun shaƙe mini wuya. Ka gina, ko in kira wanda zai gina."

Baba ya koma kan auta, ya ce ya kwanta a gida ya ce zazzaɓi ne. Auta ya yi dariya.

"Haba Baba, bangon da ka gina da hannunka zan guda? In ban zo ba ma ɗan wani za su tsayar a wurin."

Sai Baba ya gina. Ya sallami masu miƙa masa bulo, ya ja ƙyauren rumfar, ya ce layin ciki shi kaɗai zai yi. Ba wanda ya yi mamaki, an san halinsa. Ya taɓa wanke lebura da mari don ya ajiye buta kusa da tarin bulo. Bulon wuta ba ya shiri da laima: in ya sha ruwa ya ji zafi farat ɗaya, tururin da ke cikinsa ke tarwatsa shi. Shi ya sa ake fara wa sabon bango da 'yar ƙaramar wuta, kwana da kwanaki, kafin a sake ta.

Manaja ya ce ba lokacin wannan lallami. Kowa ya juyo yana jiran Baba ya tada jijiyar wuya. Amma roƙo ɗaya kawai ya yi, cewa kowa ya ja baya har sai an zo zuba ƙarfe.

Aka saki wuta. Tanderu ya fara ruri, cikinsa ya yi ja. A sama, ƙugiyar injin ɗaga kaya na riƙe da kwandon tarkacen ƙarfe tana jiran umarni. Auta ya ɗaura ƙirgin fata, ya zura safar hannu.

Bango shiru.

Baba ya ƙura masa ido, leɓensa na motsi, gumi na shiga masa ido bai goge ba. Auta ya ɗauki sandarsa. Manaja ya dubi ma'aunin zafi, ya fara ɗaga hannu wa mai ƙugiya.

Sai ƙara, kamar an harba bindiga a ɗaki. Wata ta biyo, wata ta biyo. Ɓaraguzai suka yi ta dukan murfin tanderun daga ciki, ƙura ta turnuƙe. Aka kashe wuta da ihu. Ko ƙwarzane ba wanda ya samu.

"Wannan ne ginin naka?" Manaja har kumfar baki. "Ka tsufa ka ƙi yarda! Kwashe kayanka, kuma ba inda za a ƙara ba ka bango a garin nan."

Baba ya tattara cokalin gini da guduma. Auta ya sunkuyar da kai don kunya, ya ƙi kallonsa. Kallonsa Baba ya yi, daga kai har ƙafa, ya gan shi lafiya lau.

Sai a bakin ƙofa Baba ya zauna daɓas yana hamdala. Da bangon ya yi ta shiru ɗazu, ya ɗauka ruwan da ya tsoma kowane bulo a ciki a ɓoye kafin ya ɗora shi bai isa ba.