Sau Biyar a Rana

Sadarwar ta sake yankewa, ta dafe kai. Kwana uku ke nan tana Kazaure tana farautar kuskure a wasan da ta ƙirƙira. Na'urar wasan na gidansu a Roni, tana leƙa cikinta daga nesa ta kwamfutarta. Ta sauya saiti, ta zargi netiwok, duk a banza.

Sai ta jera lokutan yankewar. Sau biyar kullum, daga asuba zuwa isha.

Ta kira mahaifinta, mai ce wa aikinta shiririta.

"Baba, wa ke kashe na'urar nan?"

"Ni ne. Sai a riƙa kiran salla kiɗa na tashi?" Ya yi gyaran murya. "Af, dodon mataki na tara ɗin nan, ta ina ake kayar da shi?"