Waƙar Bijimi da Igiya

Da hantsi aka kamo Bube makiyayi a bakin rijiya, yana jan guga yana waƙa.

Jaji, babban baran mai gari Na Allah, shi ya kamo shi. Tun kaka waƙar ke yawo a ƙauyen, wanda ke kan hanyar Tasawa zuwa Maijirgi, a zamanin da Nasara ba su iso ƙasar ba. Mata na daka da ita, masu jan ruwa na ja da ita. Ba ta ambaci sunan kowa ba. Cewa kawai ta yi akwai wani mai gari mai son zaman lafiya: in mutum biyu suka kawo ƙara a kan bijimi, sai ya raba musu igiyar, shi ya riƙe bijimin don kada su sake faɗa.

Fadawa sun daɗe suna ɓoye wa mai gari zancen. Ranar nan Jaji ya ga ɓoyon ya isa.

Aka durƙusar da Bube a zaure. Kowa ya san hukuncin wanda ya zagi mai gari: a hana shi rijiya. Ga rani ya yi nisa, shanun Bube sun rame, ba za su kai rijiyar garin Hawandawaki da rai ba.

"Rera mu ji," in ji mai gari.

Bube ya rera. Mai gari ya lumshe ido, babban yatsan ƙafarsa na ɗan motsi a kan buzu. Da Bube ya wuce baitin igiya sai ya tsaya.

"Da saura," in ji mai gari.

Bube ya rera na ƙarshen, wanda ke cewa rawanin mai gari ya rufe kunnuwa ya bar baki a buɗe. Fadawa suka sunkuyar da kai, kowa na duban yatsunsa.

Mai gari ya buɗe ido ya ce ba Bube ya ƙaga waƙar ba, don haka ya ci gaba da shayar da shanunsa. Amma Bube zai bar bijiminsa ja a ƙofar gidan mai gari, don ya zama darasi. Bube ya faɗi ya yi godiya. Aka kwance igiyar aka miƙa masa.

Jaji bai gamsu ba. A ganinsa an hukunta baki an bar mai zuciyar. Ya shiga bin sawun waƙar. Bube ya ce wurin masu daka ya ji ta. Masu daka suka ce wurin surukansu. Surukan suka nuna masa bukkar Iya Zara'u, tsohuwar da ta girmi kowa a garin. Ya same ta tana kaɗin auduga a inuwa.

"Iya, wa ya ƙaga waƙar nan? So nike in kai shi zaure da hannuna."

"Ai ba don mai garinku aka yi ta ba, ɗana," in ji ta, ba ta daina kaɗi ba. "Ta marigayi Sidi ce, wanda ya riga shi. Ko kalma ba a sake ba. Wani saurayi mai kaifin baki ya yi ta, shekarar da Sidi ya cinye bijimin uban saurayin. An yi mishi bulala a kanta, ya tashi yana rantsuwa in da shi ke da garin nan, ba talakan da zai yi kuka."

Jaji ya gyara zaman takobinsa. "Yana raye?"

"Lahiya lau," in ji tsohuwar, ta lashi yatsa ta murza zare. "Kowace sahiya kana faɗuwa gabanshi kana ce mishi ranka ya daɗe."